Huda Akwatin Gilashi Don Yin Mafakar Ƙananan Halittun Ruwa

Yau filin namu ba gona zai nufa ba, ba kuma garke ba. Falo za mu shiga, wurin masu kiwon kifin ado, irin wanda ake zubawa a akwatin gilashi ana kallo. Abin da za mu tattauna shi ne yadda ake huda irin wannan akwati a mai da shi abin da masu harkar ke kira refujiyam, mu kuwa a nan mafaka za mu ce masa. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar masara wa ke ta kifin kallo? Gaskiyarka, malam. Amma ɗan dakata, kada ka murɗa rediyon tukuna, don mai yankan gilashi, da mai aikin famfo, da mai ƙyanƙyasar tarwaɗa, kowa zai tsinci abin da zai amfane shi a ciki.

Bari in fara da abin da ya sa ni kaina na koyi wannan aiki, don ba sha'awa ce ta kai ni ba, dole ce. Ina da babban akwatin kifi a falo, da wani ƙarami a ƙarƙashinsa cikin kabad, inda ruwa ke sauka a tace shi. Ko ɗaya ban huda ba. Wani lanƙwasasshen bututu na rataya a bakin babban, yana zuƙo ruwa zuwa ƙasa kamar yadda direba ke zuƙo mai daga tankin mota da tiyo, ƙaramin famfon lantarki kuma yana mai da ruwan sama. Wata uku abin yana tafiya daidai. Ran nan aka ɗauke wuta bayan magariba, muka kwanta. Ashe iska ta shiga bututun, zuƙon ya yanke. Can tsakar dare aka kawo wuta, famfo ya tashi yana ta tura ruwa sama, hanyar saukowa kuwa babu. Da asuba na sako ƙafa daga ɗaki sai na ji ta tsundum. Darduma ta jiƙe sharkaf, famfo yana ta kuka a busasshen akwati, ga kuma soket a bango dab da inda ruwan ya tsaya. Allah ne ya kiyaye. Abin da uwargida ta faɗa da safe ba na rediyo ba ne.

Tun ran nan na gane cewa a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, a kawo ba sallama, wanda ya dogara da zuƙo ya dogara da iska. Huji kuwa ba ya bukatar a tashe shi. In ruwa ya kai bakinsa zai gangara, in bai kai ba zai tsaya, ko kana gida ko kana kasuwa. Dalilin huda gilashi ke nan, kuma duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan ya doru.

To, mece ce mafakar? Kalmar asalinta daga Latin take, kuma masana halittu ne suka fara amfani da ita, ba masu kiwon kifi ba. Suna nufin wani lungu da tsirrai ko dabbobi suka tsira a cikinsa bayan yanayi ya hallaka 'yan'uwansu a ko'ina. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, itatuwa da yawa a kudancin Sifaniya da Italiya da yankin Balkan suka fake, daga can suka sake bazuwa. Mu ma muna da namu misalin kusa da gida. A tsaunukan Ennedi na arewa maso gabashin Chadi akwai wani tafki cikin kwazazzabon dutse, Gelta Arshe, inda raƙuma ke shan ruwa, kuma aka sami 'yan kadoji a cikinsa, ragowar zamanin da Sahara ke da koguna da ciyawa. Ruwa ya janye, hamada ta kewaye su, su kuwa suka tsaya a wannan ɗan wuri.

Masu kiwon kifin teku suka ari kalmar. A wurinsu, mafaka wani ƙaramin akwati ne da ke haɗe da babban, ruwansu ɗaya, yana zagayawa tsakaninsu, amma kifi ba ya iya shiga. Wanda ya fi fito da wannan dabara fili shi ne Walter Adey, masanin teku a cibiyar Smithsonian da ke Washinton a Amurka. A 1980 ya kafa babban akwatin murjani mai rai a gidan tarihin halittu na cibiyar, ya bar gansakuka ta riƙa tace ruwan maimakon injinan tacewa kaɗai. A 1991 shi da Karen Loveland suka fitar da littafi mai suna Dynamic Aquaria, daga nan kuwa abin ya yaɗu cikin masu kiwo a gidajensu a Amurka da Turai. Can ne harkar ta fi ƙarfi har yau. Mu nan Arewa teku ta yi mana nisa, daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma ruwan da ake kiwon kifin teku da shi ba a haɗa shi da gishirin miya. Gishiri ne na musamman da ake saye, ana narka kimanin giram 35 a kowace lita. Saboda haka mafi yawan masu saurarona kifin ruwan daɗi suke kiwo. Ba komai, hujin ɗaya ne, aikin ma kusan ɗaya.

Me ake nema da ita? Kifi yana ci yana kashi, kuma a cikin ruwan da yake shaƙa yake yi. Ƙazantar tana zama amoniya, guba ce, ƙwayoyin bakteriya su juya ta zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret. Shi naitiret bai kai amoniya haɗari ba, amma yana taruwa, shi da fosfet da ke fitowa daga ragowar abinci. Manomi ya san su sarai, su ne cikin takin zamani. In suka yi yawa sai gansakuka ta rufe gilashi da duwatsu, murjani ya daina girma. Dabarar ita ce, tunda taki ne, a ba shi gonar da zai ciyar. Sai a shuka ciyawar teku a mafaka, a haska mata fitila, ta shanye takin a can inda ba mai kallo. Wadda aka fi amfani da ita sunanta Kitomofa, koriya ce, a cukurkuɗe take kamar soson waya, ba ta da saiwa, ba ta manne wa komai.

A cikin wannan cukurkuɗin ne ƙananan halittu ke samun sakewa. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande, kofefod da amfifod, wasu ba su kai kan allura ba. In ka haska tocila da dare za ka gan su a jikin gilashi, fararen ɗigo-ɗigo suna zabura. A babban akwati kifi ba ya barinsu su yi kwana biyu. A mafaka suna hayayyafa, ruwa yana kwaso rarar yana kai wa kifi kullum, abinci mai rai ba tare da ka sayo ba. Akwai wani kifi mai ado ƙwarai da ake kira mandarin, daga tekun Fasifik, wanda galibi ba ya kula busasshen abinci, sai waɗannan 'yan halittu yake tsinta wuni guda. Da yawa sun saye shi don kyansa, ya rame ya mutu da yunwa a gabansu, suna zuba abinci suna mamaki.

Akwai kuma wata hikima a lokacin kunna fitila. Da rana tsirrai suna shan iskar kabon da kifi ke fitarwa. Da dare sukan daina, iskar ta taru, ruwa ya ɗan yi tsami. Sai a riƙa kunna fitilar mafaka da dare, lokacin da ta babban akwati take a kashe. Ta haka kowane lokaci akwai ciyawar da ke aiki, ruwan ba ya hawa da sauka. Mai kifin ruwan daɗi kuwa, zai iya sa tsirran ruwa a nasa, ko ya mai da wurin gidan renon 'ya'yan kifi, don duk wanda ya yi kiwo ya san babba ba ya jin kunyar haɗiye ƙarami.

Ga wanda ya buɗe rediyonsa yanzu, muna magana ne a kan huda akwatin gilashi don yin mafaka ga kifin ado. Mun zo kan aikin kansa.

Shawarata ta farko, ka fara da ƙaramin akwatin, wato mafakar. In ya fashe asarar kaɗan ce. Ɗora shi a kan kanta mai ƙarfi, sama da babban akwati. Famfo ya tura ruwa sama, ruwan ya cika mafaka ya kai bakin huji, ya gangaro da kansa. Wannan ya fi sa ta a ƙasa ta fuska ɗaya, 'yan halittun nan suna saukowa salun alun, ba su bi ta cikin farfelar famfo ba. Amma ka lura da nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, lita 54 yake ci, ya fi buhun siminti nauyi tun ba a zuba yashi da dutse ba. Kantar ƙusa biyu ba za ta riƙe shi ba.

Sai gilashin. A nan nake so in daɗe, don a nan ake yin kuka. Gilashi iri biyu ne a wannan magana. Akwai na yau da kullum, irin na taga, wanda mai yanka zai ja masa layi ya karya. In ya fashe, manyan ɓaraguzai yake yi masu kaifi. Shi ne ake hudawa. Akwai kuma gasasshe. A masana'anta ake zafafa shi har ya haura digiri 600, sai a busa masa iska mai sanyi nan take. Fatarsa ta daskare tun cikin bai huce ba, sai ya zauna a ɗaure, waje yana matsewa, ciki yana ja. Wannan ɗaurin ne ke ba shi ƙarfi, ya ninka na yau da kullum sau huɗu ko biyar. Amma da zarar ka ratsa fatar nan, ko da ɗan kaɗan, duk ɗaurin ya kwance lokaci guda. Wanda ya taɓa ganin gilashin gefen mota ya fashe ya san abin da nake faɗa, tas, sai tsakuwa-tsakuwa kamar an zubar da gishiri. Babu gwanin da zai huda gasasshen gilashi. Babu injin da za a sayo. Masana'antar ma, kafin ta gasa take hudawa.

Matsalar ita ce da ido ba ka iya rabe su. Akwatunan da ake shigowa da su daga waje, da yawa gindinsu gasasshe ne ko da bangon ba gasasshe ba ne, wasu ma duka. Ka duba kusurwa ko akwai tambari, ka duba gindi ko akwai takardar gargaɗi. In ba ka ga komai ba, ga gwajin da masu harkar ke yi. Ka buɗe farin shafi a kwamfutar tafi-da-gidanka, ka sa ta bayan gilashin. Ka samo tabarau irin mai kashe ƙyalli, wanda direbobi da masunta ke sawa, ka leƙa ta cikinsa kana juya shi a hankali. In hasken ya dushe gaba ɗaya sumul, gilashin na yau da kullum ne. In kuwa ka ga dabbare-dabbare ko layi-layi kamar zanen damisa, gasasshe ne, mayar da injinka jaka. Kowace fuska ka gwada ta daban, kada ka gwada ɗaya ka yanke wa sauran hukunci.

Mu nan muna da wata sa'a. Yawancin akwatunanmu masu gilashin unguwa ne ke haɗa su da silikon, kuma duk gilashin da aka yanka da hannu ba gasasshe ba ne, tunda gasasshe ba ya yankuwa. In ma sabo za a haɗa maka, ka ce a huda tun gilashin yana shimfiɗe kan tebur, kafin a manna. Sai dai kada ka yarda da siriri. Mutane suna ɗauka siriri ya fi sauƙin huji, alhali shi ya fi saurin tsagewa. Mai kaurin milimita 3 ko an huda shi lafiya, nauyin bututu kaɗai zai iya tsaga shi daga baya. Ka nemi milimita 6, ko aƙalla 5.

Kafin ka sayi bakin huji, fara sayen mahaɗin da zai shiga hujin. Masu aikin famfo sun san shi, shi ne abin da ake ɗaura wa tankin ruwa na roba a inda bututu ke fita: yana da kai mai faɗi, da jiki mai zare, da wosha ta roba, da noti. Ka nemi na roba zalla, kada ka ɗauki na tagulla, don tagulla guba ce ga jatan lande da murjani. Ka auna kaurin jikinsa da kanka. Mahaɗin bututu mai inci 1 galibi huji mai faɗin milimita 45 yake so, ba 25 ba, kuma kamfani da kamfani suna bambanta. Na ga wanda ya huda tsaf, ya zo sa mahaɗi ya ƙi shiga da ɗan kaɗan. Faɗaɗa hujin gilashi kuwa ya fi yin sabo wuya.

Shi bakin hujin, ba irin na katako ko na ƙarfe ko na bango ba ne. Kamar ƙaramin kofi yake, an bi leɓensa da garin daimon. A ma'aunin taurin duwatsu daimon ne na 10, ƙarshen ma'auni, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6 yake. Injin kuma mai batir ya fi, tunda da ruwa za a yi aikin, kuma ruwa da wayar wuta ba sa zama inuwa ɗaya. In injinka yana da wurin bugu irin na huda kankare, tabbata ka kashe shi. Ka sa tabarau na kare ido.

Ni wurin wani dattijo mai yankan gilashi a unguwarmu na ga yadda ake yi, kuma yadda ya yi ɗin zan ba ku. Ya shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, ya kwantar da akwatin, fuskar da za a huda tana sama. Ya auna ya yi alama, ya bar tazara tsakanin bakin hujin da gefen gilashi wadda ta kai faɗin hujin kansa har ta ɗan fi. Na ce, "Baba, da an matsa sama kaɗan, don ruwa ya cika sosai." Bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗana, gefe shi ne raunin gilashi. In kana son ruwa ya hau, sa gwiwar bututu daga ciki ka juya ta sama." Haka kuwa ake yi.

Ya manna salatif mai faɗi a bayan wurin, daga ciki, ya ninka tawul ya ajiye a ƙasa daidai saitin hujin. Na tambayi dalili, ya ce ɗan faifan da zai ɓalle, in ya faɗa kan ɗaya bangon, shi zai fasa maka akwatin bayan ka gama wahala. Sai ya ɗauko wani guntun falanki da ya riga ya huda daidai faɗin bakin, ya ɗora a kan alamar ya danne, don bakin daimon ba shi da tsinin tsakiya, in ba a tare shi ba yawo yake yi a kan gilashi yana karce. Ya mulmula yumɓu kamar igiya, ya kewaye wurin da shi, ya yi ɗan madatsi, ya cika da ruwa.

Sannan ya kunna inji, a hankali ƙwarai, har kana iya bin juyawar da ido. Ƙarar ba ta huda ba ce, ta niƙa ce, ƙurrr, kamar ana goga dutse a kan dutse. Nan da nan ruwan ya yi fari kamar an dama alli. Da ya ga zobe ya zauna a gilashin, ya cire falankin ya ci gaba. Hannunsa bai danna ba, nauyin injin ne kawai ke aiki. Bayan kowane ɗan lokaci ya ɗaga bakin, ruwa ya shiga zoben, ya mayar. Ni kuwa tsayuwa ta ishe ni, na ce, "Baba, ko in taya ka dannawa?" Ya yi dariya ya ce, "Wannan ba huda ba ce, lallashi ne. Ka danna, ka saya." Wato zafi da matsi su ne ke tsaga gilashi. Ruwa yana maganin zafi, matsin kuwa sai mai riƙe da inji.

Wurin da ya fi haɗari shi ne ƙarshe. Lokacin da ya rage kamar kaurin takarda, sai ka ga ruwan madatsi ya fara ɗiga ta ƙasa, ƙarar ma ta canza. A nan gajen haƙuri ke cewa an gama, ya ƙara ƙarfi, bakin ya faɗa gaba ɗaya ya ɓantare gefen hujin ko ya ja tsaga har kusurwa. Dattijon nan a nan ya ƙara sassautawa, har yana ɗan tallafe injin. Faifan ya rabu shiru, ya tsaya manne da salatif. Aikin bai wuce minti goma ba. Ya ɗauki takardar yashi jiƙaƙƙiya ya shafe kaifin bakin, ya wanke farin ruwan tun bai bushe ya zama ƙurar da za a shaƙa ba.

Ko gwani ne ya yi, gefen da bakin ya ɓullo yakan ɗan ɓantare. Saboda haka in inji zai shiga cikin akwatin, a fara hujin daga fuskar da woshar roba za ta zauna, don ta sami wuri sumul. In ba zai shiga ba, a tokare bayan da katako a matse. Kuma wanda bai taɓa yi ba, ya roƙi guntayen gilashi a wurin masu yanka, ya yi huji biyu ko uku na gwaji. Kyauta ma za su ba ka, shara ce a wurinsu.

Huji nawa? Ni biyu nake cewa. Ɗaya na aiki, ɗaya sama da shi kaɗan, na ko-ta-kwana. Ciyawar nan tana tsinkewa, dodon koɗi yana shiga bututu, kuma ran da hujin farko ya toshe ba za a aiko maka ba. Ka sa raga a bakin na farko, na biyun ka bar shi a buɗe.

Wajen ɗaura mahaɗi, woshar roba tana zama ne a gefen kai mai faɗi, ba gefen noti ba, ko da wane gefe ne ke cikin ruwa. Da hannu ake ɗaurewa, in ya tsaya a ƙara ɗan juyi kaɗan. Kada ka sa sifana. Kada kuma ka shafa wa woshar silikon don neman ƙarin tabbaci, santsi zai sa ta, ta zame ta fita. Bututun da ka jona, ka ɗaure shi a bango ko a jikin kanta, kada gilashi ya ɗauki nauyinsa, don ko yaro ya ja shi da wasa, gilashin ne zai amsa.

Daga nan fitar da akwatin tsakar gida, cika shi da ruwan famfo, shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin mahaɗin, ka bar shi kwana guda. In takardar ta kwana a bushe, shigo da shi. Bayan ka haɗa komai, yi gwajin da ni ban yi ba har na sha ruwa a falo: kashe famfo da hannunka, ka tsaya ka ga inda ruwa zai tsaya, sannan ka kunna ka ga ko komai ya koma daidai ba tare da ka taɓa ba. Ka kula musamman da bututun da ke kai ruwa sama. In bakinsa yana nutse cikin mafaka, da an ɗauke wuta zai juya ya zama mazuƙi, ya kwashe ruwan mafakar ya juye a babban akwati. Ka bar bakin sama da ruwa, ko ka yi masa ɗan huji dab da saman ruwan don iska ta shiga ta yanke zuƙon. Babban akwatin ma kada a cika shi fal, a bar masa wurin karɓar abin da zai gangaro.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta shafi har wanda bai da kifi. Ciyawar mafaka ba ta cire taki daga ruwa sai an cire ta ita ma. Duk mako ɗaya ko biyu ana yage wani kaso a fitar. Ina ake kai shi? A 1984 aka ga wata ciyawar akwatin kifi mai suna Kaulafa a cikin Bahar Rum, ƙarƙashin ginin gidan nazarin teku na Monako. Wurin da ta rufe bai fi murabba'in mita 1 ba. Kafin shekara ta 2000 ta mamaye dubban hekta a gaɓar ƙasashe shida, daga Sifaniya da Faransa da Italiya har Kuroshiya da Tunisiya, tana danne ciyawar asali da kifaye ke fakewa a ciki. A 2000 ɗin ta ɓulla a Kalifoniya kusa da San Diyego. Sai da aka lulluɓe wurin da tamfol aka tura sinadarin kilorin a ƙarƙashi, aka kashe miliyoyin daloli, kafin a 2006 a ce an gama da ita. Mutanen Haɗeja da Nguru, da suka ga yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta hana kamun kifi da noman fadama, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ciyawa ke iya yi wa ruwa.

Don haka ina roƙonku, duk ciyawar da kuka yage daga akwati, ta teku ce ko ta ruwan daɗi, ku shanya ta a rana ta bushe ƙarau kafin ku zuba a shara. Kada ta shiga kwata, ko kududdufi, ko rafi. Kifin da kuka gaji da shi ma haka, ku ba wani mai kiwo, kada ku sake shi a dam.

Lokacinmu ya cika. Wanda zai huda nasa a wannan makon, ya fara neman tabarau ya gwada gilashin kafin ya kashe ko sisi a kan inji.